Itacen Jegona Ya Zama Toka

Daren Laraba, watan Safar

Da safe na tafi awon ciki Makoda, na dawo da la'asar na tarar da bayan rumbu fayau. Itacen wankan jegona babu ko tsinke. Wata huɗu ina tara shi, ina duƙe da wannan ciki a gindin darbejiya, a garin da kowace bishiya da mai ita.

Ashe maigida ne ya kira gayyar cirar gyaɗa, ya sa aka kwashe aka dafa wa ƙarti shinkafa da wake. Da na tambaye shi ko kallona bai yi ba, wai, "Haba Rabi, ba ga kara nan ba? Ai kara ma wuta ne."

Kara! Kwana arba'in, safe da yamma, da kara za a tafasa garwa? Na ce, "Malam, ka taɓa wankan jego ne?" Inna, uwarsa, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta sunkuyar da kai. Ita da ta haifi tara ta fi kowa sani, amma ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Wannan ya fi maganarsa yi mini ciwo.

Saura sati uku, in ji malamar awo. Ɗan cikin ma sai shurina yake, kamar shi ma ya ji.

Na ajiye wa Malam gatari a ƙofar ɗakinsa. In ya tsallake shi gobe, wallahi bencin da yake zaman hira a kai ne zai fara shiga murhu.