Na Ba Ta Ɗaya Bisa Takwas Daga Kek Ɗinta, Kuma Ba Zan Sa Hannu Ba

Assalamu alaikum Anti Latifa,

Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Alhamis, domin ranar ce za a zauna a kaina a makaranta. Duk wanda na tambaya a gida sai ya ce in sa hannu kawai a wuce wurin. Ni kuwa hannuna ya ƙi.

Ni malamar firamare ce a wani ƙaramin gari kusa da birnin Leeuwarden, a nan ƙasar Turawa. Shekarata goma sha tara ina koyar da 'yan shekara bakwai zuwa takwas, ban taɓa ɗaga wa yaro murya ba. Abokan aikina har tsokanata suke yi, wai sai an rufe tagogi kafin a ji abin da nake faɗa. Na faɗi wannan ne don ki san ba mai neman rigima ba ce ke rubuto miki.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, daga Maroko ya zo ƙasar nan aiki a masana'antar madara. Ranar Asabar shi yake karantar da mu Alƙur'ani a ɗakin da ke bayan masallaci. Da muka iso ayoyin gado bai bar mu da haddar rabi da rubu'i da sumuni kawai ba. Gurasa ya ɗauko da wuƙa, ya tambayi kowa wanne yake so. Na ji an ce sumuni ɗaya ne cikin takwas, na ce ai takwas ta fi huɗu, shi nake so. Ya yanko mini ɗan siriri, ya miƙo, ya ci gaba da karatunsa. Shekara arba'in ke nan ban sake rikicewa ba.

Haka nake koyar da lissafin kaso a ajina. Yara huɗu a kowane tebur, tebur biyar. Kowane tebur in ajiye masa burodi mai zagaye da kati huɗu: ɗaya bisa biyu, ɗaya bisa huɗu, sai ɗaya bisa takwas guda biyu. Kowa ya zaɓi katinsa, in yanka in ba shi abin da ya zaɓa, ba ƙari ba ragi. Kowace shekara masu sauri sukan yi wawason takwas, sai an yanka ido ya raina fata, aji ya kaure da dariya. Daga ranar ba mai sake ce mini ɗaya bisa takwas ya fi rabi. Makaranta ta raba wa yara kwamfutar hannu, ni ma ina amfani da ita, amma a can yaro yana taɓa hoto ne, in ya kuskure ya sake taɓawa har ya dace. Bai rasa komai ba, don haka bai riƙe komai ba.

To, bana ranar darasin ta faɗo daidai da ranar haihuwar wata yarinya, Jildou. Kamar yadda aka saba, mun sa mata hular takarda mai lambar shekarunta, ta hau kujera muka yi mata waƙa. Mahaifiyarta, Baukje, ta aiko da abin rabawa: kek na tuffa, masu zagaye, guda biyar cif. Na dubi kek, na dubi teburana, na ce wannan ai sauƙi ne ya zo har gida. Burodin da na sayo na bar shi a jaka.

Mai ranar haihuwa ita ke fara zaɓe a komai. Jildou ta dubi katunan, ta ɗago da fara'arta ta ce, "Malama, takwas zan ɗauka. Ita ta fi yawa, kuma ai yau na cika takwas!" Na tambaye ta sau biyu ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Wani yaro a teburinsu, Hidde, wanda ba ya jin magana amma kansa na ja, ya fizgi katin rabi yana ƙunshe dariya. Na yanka. Na ba kowa nasa. Hidde ya ɗaga ƙaton yankinsa da hannu biyu ya ce, "Barka da shekara, Jildou! Ki ci a hankali kada ya shaƙe ki."

Aji ya fashe da dariya. Ita ba ta yi kuka ba, gara ma ta yi. Ta cire hular ta tura a jaka. Da lokaci ya yi da za ta zaɓi ƙawaye biyu su zagaya sauran azuzuwa, malamai su sa mata hannu a babban katinta na murnar ranar haihuwa kamar yadda aka saba, sai ta ce cikinta ke ciwo. Ba ta je ba.

Washegari Baukje ta tare ni a ƙofar makaranta, ko daga kan kekenta ba ta gama saukowa ba. Ta ce, "Malama, tun da asuba na tashi na gasa kek ɗin nan. Na aiko a yi wa 'yata murna, ba a yi darasi da ita ba. Na ciro hularta a murƙushe a ƙasan jaka." Na ce mata a hankali, ba da gatse ba wallahi, "Amma yanzu ta san ɗaya bisa takwas." Ta dube ni kamar na mare ta. Daga nan ofishin shugaban makaranta ta wuce.

Shugaban namu, Sjoerd, mutumin kirki ne, amma ba ya son ganin iyaye a ofishinsa. Ya rubuta takarda ya ce in sa hannu. Abin da ke ciki: na yarda hanyar da nake koyarwa kuskure ce, na daina kawo abinci aji don darasi, kuma daga yau da kwamfutar hannu kaɗai zan koyar da kaso. Ya ce, "Layi uku ne fa, ki sa hannu mu sha kofi." In na ƙi, bayan hutu za a ba wata ajina, ni in koma mai cike gurbin duk malamin da bai zo ba.

Anti, ba zan sa hannu a kan abin da na san ƙarya ne ba. Hanyar nan ba kuskure ba ce. A jarrabawar makon jiya yara ashirin ba wanda ya faɗi tambayar kaso, ita Jildou ma duka ta ci. Har ta koyi lura: yanzu ko fensir na ce ta zaɓa sai ta tsaya ta ce, "Malama, da wayo a ciki?" Hannu ne dai ta rage ɗagawa, amma wannan zai wuce. Ban ci haƙƙin kowa ba. Ban yi mata ƙarya ba, na tambaye ta har sau biyu, abin da ta zaɓa na ba ta. Ni ma haka aka yi mini, ga ni ban mutu ba. In gaskiya ce za ta raba ni da ajina, to ta raba mu. Abin da ya sa na rubuto shi ne, tun ranar in na idar da salla sai hular nan ta faɗo mini a rai, kuma na rasa dalili.

Taki,
Malama mai wuƙar burodi

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa,

Kada ki sa hannu a takardar nan yadda take. Kin yi gaskiya a nan. Darasin da ya yi shekara goma sha tara yana aiki ba zai zama kuskure don an shiga ofis sau ɗaya ba, kuma wanda ya sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba don a zauna lafiya, gobe wata takardar za a miƙo masa.

Amma kin ce ba ki ci haƙƙin kowa ba, a nan ne zan tsayar da ke. Koma ki karanta wasiƙarki. Gurasar da mahaifinki ya yanka tasa ce. Burodin da kika saba yankawa naki ne, kuma ranar yana cikin jakarki. Kek ɗin nan kuwa na Jildou ne. Ita ce mai kyauta ranar, sauran yara baƙinta ne, ke kuma amana aka ba ki ki raba. Kika ɗauki kayan mutum kika yi aikinki da su ba da izininsa ba, kika ba mai kayan mafi ƙanƙanta a gaban jama'a, a rana ɗaya tak a shekara da aka ce tata ce. Kin fi ni sanin sunan wannan. Shi ya sa hular take biyo ki kan sallaya.

Tambayar da kika yi mata sau biyu ba ta wanke ki ba, domin kin san amsar, ita ba ta sani ba. Kuma maganar "da wayo a ciki?" ba lura ba ce. Yarinya ce take gaya miki ta daina sakin jiki da ke. Ta ci jarrabawa, na yarda, amma akwai shekara guda ta lissafi a gabanta, kuma yaron da ke tsoron ɗaga hannu ba ya nisa.

Ga abin da zan yi in ni ce. Kafin Alhamis ki nemi Baukje, ke da ita kawai, ba a ƙofar makaranta ba. Ki ce mata kin yi amfani da kek ɗinta a inda ba ta ce ba, kin ɓata wa 'yarta rana, ki ba ta haƙuri. Kada ki kawo zancen jarrabawa, ko sau ɗaya. Matar nan ba kwamfuta ta je nema a ofis ba. Wannan dabarar Sjoerd ce ta rufe magana. Ita abin da ta nema a bakin ƙofa shi ne ki ce kin ga abin da kika yi wa 'yarta, ke kuwa ba ki ce ba.

Ranar zama ki tafi da takardarki da kika rubuta da hannunki, ki kuma nemi wakiliyar ƙungiyar malamai ta raka ki. Ki rubuta kuskurenki ƙarara, ki rubuta kuma cewa darasin yana nan: da burodinki, ba a ranar haihuwar kowa ba, da sanin iyaye. Ki ƙara wa darasin mataki ɗaya. Bayan an yanka an yi dariya, kada kowa ya kai baki. Kowane tebur ya nemo yadda za a yi kowa ya samu daidai. Da kansu za su gano rabin Hidde yanka huɗu ne irin na Jildou, kin ga darasin ya ma ƙaru. Ba zan yi miki alkawarin Sjoerd zai karɓa ba. In ya ƙi, kika rasa ajin, za ki rasa shi a kan abin da kika tabbata, ba a kan abin da yake damun ki.

Saura mai haƙƙin, Jildou. Ki durƙusa daidai tsayinta ki ce mata, "Na yi miki ba daidai ba ranar haihuwarki." Ki yi mata sabuwar hula, ki roƙi sauran malamai ta yi zagayenta da ta rasa. Sannan ki gasa kek da hannunki, ki ajiye a gabanta, ki miƙa mata wuƙar roba, ki yi shiru. Ko nawa ta yanko miki, ki karɓa da hannu biyu ki ce kin gode.

Allah ya ba ki sa'a ranar Alhamis, ya bar ki da ajinki, ya sa ki sake ganin hannun Jildou a sama.

Anti Latifa