Kuskuren Tafinta

Gure, 6 ga Maris

Zuwa ga matata Nasira,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya karatun ungozoma, yaya zafin Yamai? Inna tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi.

Na iso ranar Talata. Na kashe talhona, wayar hannun nan ta ishe ni, shi ya sa nake rubuto miki ta hannun Abarshi direba. Kin ce in ba ki labarin tun daga farko, ba yadda ake yaɗa shi ba.

Ibram, ɗan makiyayan Bune, shi ya ci gasar wasan ƙwallon da ake bugawa a talho ta Afirka ta Yamma a Abijan. Ni kamfanin wasan ya ɗauka tafinta. Da aka tambaye shi wa ya sadaukar wa nasarar, sai ya amsa da Barbarci cewa ga makiyayan da wasu manya suka killace musu wurin kiwo da shingen waya, masu iko kuma suka yi shiru. Na juya shi da Faransanci kamar yadda ya faɗa. Ban yi wani tunani ba, Nasira, aikina ke nan. Kafin mu sauko daga dandamali an yanke hoton da ake watsawa.

Washegari kamfanin ya fitar da sanarwa: dokar gasa ta hana zancen siyasa, an dakatar da Ibram shekara guda, ni kuma an soke kwantirata.

Yanzu ina ban ruwa a lambun Baba cikin kwari. Albasa ta yi kyau. Ɗakinmu yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya yi mini girma.

Naki,
Jibirin

Gure, 29 ga Maris

Nasira tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, takardarki ta same ni. Na karanta ta sau uku a gindin dabino.

Na kunna talho kamar yadda kika roƙa. Ashe duniya ta tashi. Matasa daga Dakar har Kano suna goge wasan daga talhonsu suna nuna wa juna, kowa da hoton Ibram. Kamfanin ya sake sanarwa: wai sun yi gaggawa, suna girmama ra'ayin kowa, sun mayar da hukuncin wata shida. Na bi ta layi-layi ina neman sunana, ko kalmar tafinta. Babu. Masu goyon bayan ma ba su tambayi ina na shiga ba.

Shekaranjiya wata mata daga kamfanin ta kira ni, muryarta da taushi. Ta ce suna so su mayar da Ibram ya je gasar duniya a watan Mayu, amma doka ta ɗaure su. Hanya ɗaya ce: in sa hannu cewa ni na ƙara gishiri, Ibram iyayensa kawai ya gaisar. Ba ta yi mini alkawarin aiki ba, ban kuma tambaya ba.

Jiya mahaifiyarsa, Ya Kaka, ta zo tun daga Bune a bayan motar kasuwa, da ƙwaryar nono. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta dai ce tun da ya dawo ba ya fita, ba ya cin abinci, shekara huɗu yana neman wannan tafiya. Ta zauna da Inna suna hirar duniya har la'asar, sannan ta koma.

Na kira Ibram sau biyar, bai ɗauka ba. Da kina kusa da na san da wa zan yi shawara.

Mijinki,
Jibirin

Gure, 18 ga Mayu

Nasira,

Ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi, kina kuma cin abinci a kan kari. Mu nan lafiya, ana ta jiran ruwan farko.

Kin ce kada in sa hannu. Ki yi haƙuri, na sa kafin takardarki ta iso, kuma kunya ce ta hana ni rubuto miki har yau.

Ibram ya tafi, an fitar da shi a zagaye na biyu. Kamfanin ya yi sanarwa ta uku, a nan kam sunana ya fito cikakke: kuskuren tafinta ne. Mutane suka sake sauke wasan a talhonsu. A waje ana cewa ban iya Faransanci ba, na kusa kashe wa yaro rayuwa.

Na gida ne ya fi ciwo. A Gure wa ba ya jin Barbarci? Kowa ya ji abin da Ibram ya faɗa da kunnensa. Ranar kasuwa wani dattijon makiyayi, Burahima, ya tsaya gaban buhunan albasata ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Sau ɗaya aka faɗi maganarmu inda ake ji, kai kuma ka ce ba a faɗa ba." Shingen wayar yana nan inda yake a makiyayar.

Ibram ya turo saƙo daga filin jirgi, kalma biyu: na gode. Ban ƙara jin sa ba. Ba na riƙe shi a zuciya, shekararsa ashirin, kuma an gargaɗe shi.

Inna ba ta san komai ba, tana zaton hutu nake yi. Majalisar shayi ta bakin tasha na daina zuwa, tun ranar da na zauna hira ta mutu.

Abu ɗaya nake so ki sani daga hannuna, tunda hannun nan ya riga ya rubuta akasinsa: ban canja wa Ibram ko kalma ɗaya ba. Ki ajiye wannan takarda wurin da ba za ta ɓata ba. In Allah ya ba mu 'ya'ya suka girma suka nemi sunana a talho, ki nuna musu ita.

Ki gaya mini ranar da za ku gama, in zo tasha in tarye ki.

Naki har kullum,
Jibirin