Wuyan Haulatu Ya Ƙi Sunkuyawa

Obiagu, Inugu

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, yaya zafin Gumel? Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Na yi ta kiran wayarki ba ta shiga, shi ya sa na turo wannan a rubuce. Don Allah ki karanta har ƙarshe.

Haulatu 'yar ɗan'uwanmu Hashim tana asibiti. Dawowarsu daga wurinku bayan sallah ke nan ta fara zazzaɓi da ciwon kai. Kin san mu a nan, kowane zafin jiki maleriya ne, in ya ƙi a ce taifot. Hashim ya sayo magani a kemis ɗin bakin kasuwar Ogbete, aka ba ta, har uwarta ta turo min ita Islamiyya wai ta warware. Da na tsayar da 'yan ajina sallar la'asar, sai na ga kowa ya yi ruku'u ban da Haulatu. Bayanta ya ɗan lanƙwasa, amma kanta yana tsaye ƙiƙam, hawaye na zuba. Yarinyar da ke gyara wa ƙawayenta sujada! Na ce ta taɓa ƙirjinta da haɓarta, ta kasa. Ta ce hasken taga ma yana soka mata ido.

A keke napep muka kai ta asibiti. Likita ya tambaya ko ta je Arewa kwanan nan, da muka ce e, sai fara'arsa ta ɗauke. Ya ɗibi ruwa a bayanta, duk da Hashim ya so hanawa don tsoron shanyewar ƙafa. Ruwan da ya kamata ya fito garau ya fito a gurɓace kamar ruwan kunu. Sanƙarau ne, Yaya. Ana yi mata allurai, amma tun ɗazu ina kiran sunanta ba ta juyowa.

Likita ya ce duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ita a kai shi asibiti a ba shi magani, ko da yana wasa. Mu nan an ba mu. Na tuna hoton da kika turo, ita da Abdulbasit ɗinki a matashi guda, da kuma saƙonki na jiya cewa ya tashi da ɗan zafin jiki. Kada ki jira maigidanki Malam ya dawo daga kasuwa.

Ki gaida Inna da Zuliha. Amma kafin gaisuwar, ki kira Abdulbasit, ki ce ya sunkuyar da kai.

Ƙanwarki,
Halimatus Sa'adiya