Shafin Baba Ya Yi Shiru

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Baba kuna lafiya. Yara suna gaishe da kakansu.

Dalilin rubuto maka shi ne shafin nan naka na intanet, "Hira da Baba". Tun kafin damina rabonka da saka komai. Kullum na dawo daga ofis sai na duba, amma har yau labarin takalman da Baba ya ajiye a firij ne a sama. Ka san da nisan da ke tsakaninmu, a shafin nan nake ganin Baba. Har abokan aikina suna tambayata ina dattijon nan mai ban dariya. Ka daure ka ci gaba, kada lalaci ya kashe abu mai kyau.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, a gaishe da yara da babansu.

Lalaci kika ce? To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin dariya ne ya ƙare a gidan nan, shi ya sa shafin ya yi shiru. Mantuwar Baba ta wuce ta takalmi a firij. Yanzu in zan tafi shago sai na kulle shi ta waje, tun ranar da wani mai gadi ya tsinto shi a shataletale yana neman tsohon shagonsa na gyaran rediyo da aka rushe tuntuni. Wuƙaƙe a saman kwaba nake ɓoye su. Katifarsa leda na shimfiɗa mata. Ran nan ina canja masa wando ya kwaɗa mini buta a goshi, yana kiran maƙwabta wai ɓarawo ya shigo. Na gaji, Yaya, wani lokaci har haushinsa nake ji, in koma ina jin haushin kaina.

Wata mata ta rubuto mini a shafin. Mahaifiyarta irin ciwon Baba ne da ita. Ta ce tata uwar zagi da kuka kawai take yi, me ita 'yar take yi ba daidai ba da uwar ba ta zama mai daɗin sha'ani kamar Babanmu ba?

Don haka na yanke shawarar sauya wa shafin alkibla. Zan rubuta abin yadda yake, har da wankin zanin gado, don masu jinya irina su san ba su kaɗai ba ne.

Na bar ki lafiya.
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a mota a bakin ofis, na kasa fitowa sai da na gama kukana.

Amma ina roƙonka don Allah kada ka rubuta. Baba mutum ne da ko da singileti ba ya fitowa tsakar gida. Yanzu da ba shi da bakin hanawa sai mu kwance masa zani a kasuwa? Surukaina suna karanta shafin nan, tsofaffin abokansa ma haka. Rufin asirinsa ne kaɗai abin da ya rage masa, kuma a hannunmu yake.

Sannan ina da ƙorafi. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Duk sanda na kira ka cewa kake da sauƙi. Da na san abin ya kai haka, da ban zauna ba. In yara sun gama jarrabawa zan nemi hutu in zo, in sha Allah.

Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya saka maka.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Kin yi gaskiya a kan asirin Baba, ba zan rubuta ba. Matar nan na amsa mata ita kaɗai. Amma barkwanci ma na daina, na rufe shafin gaba ɗaya. Duk mai son ganin Baba ya san hanyar gida.

Da sauƙi nake cewa, haka ne. Ke kuma ba ki taɓa tambayar wane irin sauƙi ba.

Ki zo in an gama jarrabawar. Sai dai in kin shigo ɗakinsa ki faɗa masa ko ke wace ce, kuma kada ki rungume shi, yana tsorata da baƙi. Yau da safe na nuna masa hotonki, na ce ga babbar 'yarka za ta zo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce, "Malam, ka mayar wa masu shi."

Sai kin zo.
Auta