Gwaggo tana banda Habboba da hayaƙin bagaruwa

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan guruf. Admin a ɓoye sunana, domin rabin matan unguwarmu suna nan ciki suna karatu shiru, sauran rabin kuma ana karanta musu. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun farko masu shirin rubuto min "ki girmama na gaba" ku adana datarku, na ji wannan a gida har kunnena ya yi kanta.

Shekarata sha shida, muna zaune a kudancin Khartum. Tun da aka sa dokar zaman gida saboda korona mu uku ne a gidan, ni, da kakata ta wajen uba da muke kira Habboba, da Gwaggo yayar Babana. Mama ta tafi Jazira haihuwa wajen danginta aka rufe hanya tana can. Baba yana aiki a gidan burodi a Omdurman, da aka rufe gadoji sai ya koma kwana a can kan buhunan fulawa, sai dai waya. Gwaggo kuwa da akwatinta ta zo ana gobe za a rufe gari, ta ce ta zo kula da uwarta. Tun ranar gidanmu ya koma barikin soja, ita ce janar, ni ce kurtu, Habboba kuma filin daga.

Habboba tana da asma. Tun tana budurwa tana tsinkar auduga a gonakin Jazira ƙura ta ɓata mata ƙirji, ko turaren wuta aka sa a maƙwabta sai ta tashi zaune. Ɗakinmu ɗaya da ita tun ina ƙarama, ni ke ajiye mata ɗan abin fesawan nan da take shaƙa, ni na san ƙarar numfashinta idan abin zai taso tun kafin ita ta sani. Rediyo take kirana, wai ba na mutuwa ko an ɗauke wuta. Kuma gaskiya ne ina da baki, idan na ga ɓera sai na ce na ga jaki da wutsiya, kowa a gidanmu ya san haka. Na faɗa muku wannan ne domin shi ya kai ni inda nake yau.

Sana'ar Gwaggo gyaran amare ce. Ita ke musu lalle, ita ke zaunar da su kan ramin hayaƙi ta lulluɓe su da bargo har fatarsu ta yi ƙamshi, abin da muke cewa dukhan. Da aka hana bukukuwa sai hannunta ya fara ƙaiƙayi. Ana nan wata ƙawarta ta turo mata saƙon murya, wai hayaƙin bagaruwa, garad a bakin mutanen nan, yana kashe korona tun tana bakin ƙofa. Ba zan yi mata ƙarya ba, duk layinmu ana ƙona ta, ka fito da safe sai ka ɗauka unguwar ce ta kama da wuta. Amma mutane ɗan kaɗan suke zubawa a kasko su zagaya tsakar gida. Gwaggo buhu ta ɗauko daga kasuwar Suk al-Shabi, ta duba gidan kaf ba ta ga amarya ba, sai ta ga Habboba.

Ku ji yadda ake yi. Safe da yamma za ta hura garwashi, ta rufe taga, ta rufe ƙofa, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofar, ta tura kaskon ƙarƙashin gadon igiyar Habboba, sannan ta jefa mata bargo. A wannan zafin na Khartum da ko ƙadangare gudu yake da ɗage ƙafa. Idan Habboba ta fara tari sai Gwaggo ta ce alhamdulillahi cutar tana fita. Idan ba ta yi tari ba sai ta ce hayaƙin bai kai ba, a ƙaro. Ku gaya min ta ina tsohuwa za ta tsira a wannan lissafin. Kuma Habboba ba korona gare ta ba, ba zazzaɓi, ba komai, matar da ko ƙofar gida ba ta leƙa ba tun kafin azumi.

Na fara da ladabi, Allah ne shaidata. Na ce mata Gwaggo hayaƙi ne ke tayar mata da ciwon. Ta ce ita ta san hayaƙi tun kafin a san za a auri uwata, amaren da ta gyara sun fi gashin kaina yawa, ba wadda ta mutu. Na ce amaren ba su da asma kuma ba su kai shekarun Habboba ba. Ta ce in rufe mata baki, 'yar makarantar da ba ta iya zuba kisra, siririyar wainar nan ta dawa, ba tare da ta yage ba ita ce za ta koya mata jinya. Da na je layin kantin magani neman abin fesawa, don na hannunmu ya fara raguwa, ban samu ba, amma na tambayi mai maganin, ya ce kada a bari hayaƙi ko kaɗan ya kusance ta. Na dawo da gudu na faɗa mata, ta ce to ai dole ya ce haka tunda ba ya sayar da bagaruwa. Ta kuma sa na tsaya a rana na wanke ƙafa da hannu har sau nawa, wai ni ce ke kwaso cutar a layi, alhali ita ke aikena layin burodi kullum.

Sai na kira Baba. A nan na cuci kaina. Maimakon in yi magana kamar mutum sai bakina ya kama tasharsa, na ce Baba ka zo da sauri Gwaggo tana banda Habboba kamar kifi, saura gishiri da yaji a kai ta kasuwa. Ya yi dariya har ina jin abokan aikinsa suna tambayarsa lafiya. Ya ce Rediyo ba kya canzawa, ki bi Gwaggonki sau da ƙafa, ita ce a madadina. Da ya nemi a ba Habboba wayar kuwa Gwaggo na tsaye a kanta, Habboba ta ce masa lafiyarta ƙalau, Allah ya yi wa 'yarta albarka. Ta miƙo min wayar ta juya bango ta yi tarin da ta riƙe.

Da na ga ba mai jina sai na yi abin da na iya. Maƙwabciyarmu Hajja tana da awaki, awaki kuma ba abin da suke so kamar bagaruwa. Gwaggo na wanka na ɗaga buhun na zazzage shi ta kan katanga. Jama'a ban taɓa ganin walima irin wannan ba, har wani bunsuru sai da ya ɗago kai ya yi min godiya. Kwana biyu ba hayaƙi, Habboba ta yi barci har da minshari, ta cinye kwanonta, ta zage ni a kan na bar gashina kamar sheƙar tsuntsu, na san ta dawo daidai. Gwaggo kuwa ta birkice gidan tana neman ɓarawo, ni ma na taya ta nema. Sai ga Hajja baiwar Allah ta turo buhun da na manta a kan katangar, an ninke shi tsaf, da saƙon godiya wai awakinta sun ji daɗi, Allah ya yi wa yarinyar kirki albarka.

Abin da Gwaggo ta faɗa min ranar ba zai rubutu ba. Ta ce so nake in kashe mata uwa, ta ce tarbiyyar uwata ce, ta ce idan wani abu ya sami Habboba sunana za ta faɗa a gaban dangi kaf. Ni ma ban yi shiru ba, na ce mata idan hannunta ne ke ƙaiƙayi ta zauna kan kaskon da kanta mu ga ko za ta samu miji. Na san wannan ta yi zafi, mijinta ya rasu ba a daɗe ba, masu zagi ku zage ni a kanta na yarda, amma a kanta kaɗai. Ta fitar da katifata ƙarƙashin rumfa, ta hana ni shiga ɗakin, ta karɓe abin fesawan ta ƙulle a bakin mayafinta, wai sinadarin Turawa ne ke raunana ƙirji, ita za ta san lokacin da ya dace a ba ta. Washegari ta samo sabon buhu ta kai shi ƙarƙashin gadonta.

Jiya bayan la'asar ta leƙa maƙwabta aron garwashi, na faɗa ɗakin. Na tarar da Habboba zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjinta na yin fito kamar buta a kan wuta, leɓenta ya canza kala. A nan ban ƙara ko gishiri ɗaya ba. Na buɗe taga, na yi mata fifita, sannan na kunna wayata na ɗauki ƙarar numfashin nata, domin Baba zai iya yi wa bakina dariya amma ba zai yi wa wannan ba. Ta gan ni. Da numfashin ya ɗan dawo ta kama wuyan hannuna ta ce, "Rediyo, yau ɗaya a kashe tashar." Ta ce idan ubana ya ji zai nemo takardar tsallake gada ya kwashe ta zuwa asibiti, su kuma da sun ji tari za su kai ta inda ake killace mutane, kamar wani dattijon layinmu da aka tafi da shi, 'ya'yansa ba su ƙara ganin fuskarsa ba har aka binne shi. Ta ce gara ta mutu a kan gadonta tana jin surutuna. Ta kuma ce na san zuciyar ubana, korar Gwaggo zai yi, ita kuma ba ta da inda za ta. "'Yata ce, tsoro take ji, ba abin da ta iya sai hayaƙi." Ta ce in rantse zan goge. Na ce mata Habboba rantsuwa da azumi a baki ba kyau, na zare hannuna na fita kafin janar ta dawo.

Na taɓa ganin Gwaggo tana hura garwashin hawaye na zuba, ko hayaƙi ne ko wani abu ban sani ba, kuma gaskiya yanzu ban damu in sani ba. Abin da na sani shi ne abin fesawan ya kusa ƙarewa, yana kuma ƙulle a mayafin wadda ba ta yarda da shi ba. Yau da safe ta ce ta lura ina yawan laɓe-laɓe da waya, bayan shan ruwa in kawo mata ita ta ajiye har a buɗe gari.

To jama'a ku gaya min. In tura wa Baba, in ya kai ta asibiti suka riƙe ta, ni na raba ta da gadonta bayan ta roƙe ni da hannunta a kan nawa. In goge, gobe ƙirjin ya rufe gaba ɗaya, ni ce na ji ƙarar na yi shiru. Akwai likita ko nas a cikinku da zai gaya min ko ana duba mai asma ba tare da an killace ta ba? Akwai wanda ya san maganar da ke shiga kan mace irin Gwaggo? Kada wanda ya ce in yi haƙuri, ba ni ke ƙarƙashin bargon ba. Ku amsa kafin magariba don Allah. Ga ta can tsakar gida ta fara fifita garwashi, ina jin Habboba tana gyaran murya tun hayaƙin bai iso ba.