Harajin Shago da Ɗakunan Sama

Litinin, 3 ga Maris
Ofishin haraji sun turo takarda: in zo da bayanin shagon wanki da na ɗakunan hayar da ke samansa. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Maigida ni ke riƙe da komai, amma haraji ban taɓa sanin ta inda ake kama shi ba. Da na karanta masa, sai ya ce na shago ya saba biya, na haya kuwa "ba su taɓa tambaya ba." Yanzu ga shi sun tambaya.

Laraba, 5 ga Maris
Dillali ya leƙo wai gaisuwa. Ya ce yana da mai sayen ginin, gara in sayar tun kafin a garƙame mana shi. Wa ya gaya masa? Ya tafi ya bar ni riƙe da dutsen guga, har na ƙona wuyan rigar mutane. In an sayar, ina masu gugata za su je? Da me za mu sayi magani?

Asabar, 8 ga Maris
Ƙanwata ta ja ni wajen wata akanta, kusan da ƙarfi. Ofishinta ɗan ƙarami ne, kujeru biyu da fanka mai kukan tsiya. Ta tambaye ni ina kuɗin haya ke shiga, na ce aljihun teburin shago. Kuɗin wanki fa? Nan. Cefane? Daga nan. Ba ta yi dariya ba, ni ce na yi, don kunya.
Ta ce, "Mama, ba a kan duk abin da ya shigo ake yanka haraji ba. A kan abin da ya rage ne bayan an cire ɗawainiyar aikin."
Na sa ta maimaita. Albashin ma'aikata, wuta, ruwa, sabulu, har rufin da muka gyara bara, duk ana cirewa in akwai shaida. Babban injin wanki kuma a rarraba kuɗinsa kan shekaru. Na dawo a ƙafa, ban ma ji nisan ba.

Talata, 11 ga Maris
Farautar rasit. Maigida daga kan gado yana ba da umarni kamar mai kula da motoci a mahaɗa. Wasu a gwangwanin maɓallai, wasu a aljihun tsohon kwat ɗinsa. Rasit ɗin gyaran rufi kuwa babu. Kafintan ya ce yana da kwafi a wayarsa, ya turo. Allah ya yi masa albarka, duk da tagar da ya saka mana a karkace.

Juma'a, 14 ga Maris
Na buɗe asusu biyu a banki, shago daban, haya daban. Duk wata zan ware na haraji kafin in taɓa sauran. Maigida ya ce wahalar banza ce, ya kuma soma kirana Manaja.

Alhamis, 20 ga Maris
Mun je ofishin haraji, ni da akanta. Na ɗauka za a yi mini tsawa. Wani dattijo ne mai mura ya duba takardunmu yana ta neman gafara saboda atishawa. Akwai tara a kan shekarun baya na haya, babu makawa, amma tunda mun zo da kanmu da bayani a tsare, an yarda mu biya kaɗan-kaɗan. Ginin yana nan. A bakin ƙofa na zauna kan matakala. Akanta ta zauna kusa da ni, da jakarta a cinya.
Na ci abinci faranti biyu.

Laraba, 2 ga Afrilu
Kason farko na bashin haraji ya tafi. Dillali ya kira, na ce ina guga.

Lahadi, 4 ga Mayu
Yau Maigida ya taka daga gado har ƙofar falo da sanda, babu mai riƙe shi. Na yi kuka, shi ma ya juya fuska. Da ya zauna yana haki ya ce, "Manaja, kin kusa hutawa. Wata mai zuwa zan karɓi kayana."
Na ce to, Allah ya ƙara lafiya. Da gaske nake, har zuciyata.
Sai dai jibi zan ga akanta kan injin busar da kaya, ko mu saya kafin shekara ta rufe ko mu jira. Ban gaya masa ba tukuna. Ba ɓoyewa nake ba, likita ne ya ce kada a cika masa kai. Kuma kujeru biyu ne kawai a ofishinta.