An Ji Muryata a Taron Dawaki

Zuwa ga Yaya Sambo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahama. Yau Lahadi. Ƙafafuna a kumbure suke, amma tarin ya lafa. Ina Guangzhou ta ƙasar Cana wajen ɗana Bashir, a wani ɗaki a unguwar Dengfeng, shi kuwa kullum yana tashar jirgin ruwa ta Huangpu wajen lodin kaya. Ko'ina tutocin Olamfik ne. Na ga dawakinsu a talabijin suna tsallake shinge. Kyau kam akwai, amma babu wanda zai ja garma.

Yaya, mun yi nasara!

Ka san dokar da ka kafa ƙungiyarmu ta masu kiwon manyan dawaki a kanta: ba a yarda ingarma ya yi barbara sai ya ja amalanke cike da ƙasa ya haura tudun rafi a gaban jama'a. Kakan ce, "Ƙirji nake so in gani, ba gashi ba." To, sabon shugaba ya nemi a soke ta, a riƙa duba tsayi da kyawun jiki kawai. Da an yi haka, da zuriyar Gunya, goɗiyarka, ta sirance ta bar gona.

Jiya aka yi taro, ƙuri'a ta yi kunnen doki. Sakatarenmu Malam Iro ya bugo mini waya daga wurin taron, da la'asar a agogon nan, don in jefa tawa. Shugaba ya ce wanda ba ya wurin ba shi da ƙuri'a.

Ka tuna shekarar da idanunka suka tafi? Ka hana ɗaga hannu, ka ce ba za a yi zaɓen da ba ka gani ba. Ka sa aka mayar da doka cewa duk ɗan ƙungiyar da aka ji muryarsa, ƙuri'arsa ta shiga. Mun yi ta kiranka mai rigima. Wannan dokar Iro ya karanta musu, ya kara wayar a lasifika.

Na miƙe ba sanda, Yaya. Na ce a bar dokar amalanke yadda take, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na ji su suna kabbara. Har 'yar Canar da muke haya a gidanta ta buga ƙofa, ta ɗauka faɗuwa na yi. Ta iske tsoho yana dariya da hawaye, ta je ta kawo mini ruwan zafi.

Rigimarka ce ta cece mu. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ƙara wa zuriyar Gunya ƙarfi, Ya sada mu a Aljanna.

Ƙaninka,
Garba

Jikanka Sadiƙu, mai karatu a nan, ya ce zai zo yau in ba shi labari. Na sa an kawo tuwon mutum biyu. Bai zo ba. Shi ya sa na ba ka.